Sa Hannu a Rahoton Kuɗin Kamfani: Wane Satifiket Ne Ke Ba Ka Wannan Damar?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta kai su ga saurare ba, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a natse.

Yau maganar ta 'yan akanta ce, da masu shirin shiga fannin. Akwai wata tambaya da ke yawo a tsakanin matasan da suka gama digiri ko HND. Mutum ya buɗe Facebook ko LinkedIn, sai ya ga talla kala-kala: wannan kwas ɗin IFRS ne na kwana uku, wancan horo ne kan bin ƙa'idar rahoton kuɗi na wata shida, ga ICAN, ga ANAN, ga ACCA. Kowanne da farashinsa, kowanne yana cewa shi ne mabuɗin aiki. To wanne za ka yi, kuma wanne ne asarar kuɗi?

Kafin mu kai ga amsa, sai mun fahimci aikin kansa. Shi wannan aiki a sa hannu yake ƙarewa. Idan ka gane nauyin sa hannun, zaɓen satifiket zai zo maka da sauƙi.

Mu fara da rahoton. Duk shekara kamfani yana fitar da takardun da ke nuna abin da ya mallaka da bashin da ake bin sa, ribar da ya ci ko asarar da ya tafka, yadda tsabar kuɗi ta shiga ta fita, da yadda jarin masu kamfanin ya ƙaru ko ya ragu. A bayansu kuma akwai dogon bayani na ƙarin haske, wanda sau da yawa ya fi alƙaluman yawan shafi. Banki yana karanta waɗannan takardu kafin ya ba da rance. Hukumar haraji tana karantawa. Mai hannun jari yana karantawa. Kamfanonin da ke juya kuɗin fansho ma suna karantawa kafin su sayi hannun jari, wato dai kuɗin fanshon babanka ko na yayarka malamar makaranta yana iya dogara da gaskiyar abin da wani akanta ya rubuta a Legas. Yawancin mutanen nan ba za su taɓa shiga sito su ƙirga buhu ba. Takarda kawai suke gani, su yarda.

Shi ya sa ba a bar kowane kamfani ya rubuta yadda ya ga dama ba. Akwai ƙa'idoji na duniya da ake kira IFRS, waɗanda wata hukuma mai suna IASB da ke Landan take fitarwa tun daga 2001. A Najeriya da can muna da namu na gida, sai a 2010 gwamnatin tarayya ta amince a koma na duniya. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suka fara daga 1 ga Janairun 2012, sauran suka biyo baya daki-daki. A 2011 kuma aka yi dokar da ta kafa FRC, hukumar da ke sa ido kan rahoton kuɗi a ƙasar, aka yi wa dokar gyara a 2023.

Bari in ba ku misali ɗaya na yadda ƙa'ida ke juya labarin kamfani. A 2023 kuɗin shigar MTN Najeriya ya haura naira tiriliyan 2, jama'a na ta sayen kati da data. Amma da rahoton shekara ya fito, sai ga asarar kusan naira biliyan 137 bayan haraji. Me ya faru? A watan Yunin shekarar aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta kai wajen 900 a ƙarshen Disamba. Kamfanin yana da basussuka da yarjejeniyoyin haya masu alaƙa da dala. Ƙa'idar da ake kira IAS 21 ta ce bashin da ke kanka na kuɗin waje, dole ka sake lissafa shi da farashin ranar rufe littafi, bambancin kuma ka rubuta shi a matsayin asara. Asarar canji kaɗai ta haura biliyan 700. Babu wanda ya saci ko kwabo, ƙa'ida ce ta ce a faɗa wa jama'a halin da ake ciki, kuma wani mai horo ne ya zauna ya yi lissafin ya sa hannu.

To me ya sa ake tsanantawa haka? Saboda an sha wuya. A Disamban 2001 kamfanin Enron na Amurka ya durƙushe, bayan an gano ya ɓoye ɗimbin bashi a wasu ƙananan kamfanoni da ya ƙirƙira don kada su fito a littafinsa. Arthur Andersen, kamfanin odita da ke duba masa lissafi, yana cikin manya biyar na duniya a lokacin, shi ma ya tafi tare da shi. Ba a gama wannan ba sai ga WorldCom a 2002. Su kuma dabararsu mai sauƙi ce: kuɗin da suke kashewa na yau da kullum, wanda ya kamata a cire daga ribar shekarar, sai suka riƙa rubuta shi a matsayin sayen kadara, riba ta kumbura. Wadda ta bankaɗo abin ma'aikaciyar kamfanin ce, Cynthia Cooper, shugabar sashen binciken cikin gida, ita da 'yan tawagarta. Shugaban kamfanin, Bernard Ebbers, an yanke masa ɗaurin shekara 25.

A Yulin 2002 Amurka ta yi dokar Sarbanes-Oxley. Dokar ta ce shugaban kamfani da babban jami'in kuɗi su sa hannu da kansu cewa rahoton gaskiya ne, ta yadda gobe ba wanda zai ce ai ban sani ba, yaran ofis ne suka rubuta. Wanda ya sa hannu a kan ƙarya da gangan yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 20.

Mu ma nan gida ba mu tsira ba. A 2006 aka gano Cadbury Najeriya ta yi shekaru tana kumbura lissafinta, abin da ya kai wajen naira biliyan 13. Cikin hanyoyin da aka bi akwai tura wa dillalai kaya fiye da buƙatarsu a rubuta an yi ciniki, da jinkirta rubuta wasu kashe-kashe. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta hukunta kamfanin, da wasu manyan jami'ansa, har da masu duba masa lissafi. A Agustan 2009 kuma Babban Banki a ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, ya zuba musu naira biliyan 420, bayan bincike ya nuna tarin basussukan da ba a biya, alhali rahotannin da jama'a ke gani suna nuna lafiya lau. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa talakawa masu 'yan hannun jari sun riga sun yi asara.

Yanzu ku duba yadda dokar Najeriya take a yau. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, a sashe na 405 ta wajabta wa shugaban kamfani da babban jami'in kuɗi su ba da shaida a rubuce cewa sun karanta rahoton da odita ya duba, babu ƙarya a ciki, ba a ɓoye wani muhimmin abu ba, kuma su ne ke da alhakin matakan tsaron kuɗi na cikin gida. Sashe na 404 ya ce kamfanin da jama'a ke da hannun jari a cikinsa ya kafa kwamitin odit mai mutum biyar, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba sa gudanar da kamfanin. Dukansu sai sun iya karanta rahoton kuɗi, kuma aƙalla ɗaya ya kasance mamba na ƙungiyar ƙwararrun akantoci da dokar majalisa ta kafa. Kasuwar hannun jari ta NGX ita ma tana da nata wa'adin: rahoton shekara da odita ya duba cikin kwana 90 bayan rufe shekara, na kowane wata uku cikin kwana 30. Wanda ya makara ya biya tara, sunansa kuma ya fito a jerin masu laifi.

Ga wurin da nake so ku riƙe. Idan ka buɗe rahoton shekara na kowane babban kamfani a Najeriya, ka je shafin da aka sa hannu, a ƙarƙashin kowane suna za ka ga wata doguwar lamba da ta fara da FRC. Lambar rajistar mutumin ce da hukumar. Ba ka sa hannu a irin wannan rahoto sai kana da ita, kuma akanta ba ya samunta sai ya nuna shi mamba ne na ƙungiyar ƙwararru da doka ta sani. Ma'ana idan rahoton ya zama ƙarya, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

To yanzu mu dawo kan satifiket, tunda mun san inda aikin yake ƙarewa.

A Najeriya ƙungiyoyi biyu ne suka yi fice wajen ba ka matsayin cikakken akanta. Ta farko ICAN, wadda doka ta kafa a 1965. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai marigayi Akintola Williams, ɗan Najeriya na farko da ya zama ƙwararren akanta mai lasisi, wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 104. Jarabawar ICAN hawa uku ce, daga tushe zuwa matakin ƙwarewa. Darasin rahoton kuɗi yana binka a kowane hawa: ka fara da rubuta shiga da fita, ka wuce zuwa haɗa cikakken rahoto bisa IFRS, ka ƙare da haɗe lissafin uwar kamfani da rassanta. Tare da shi akwai odit, haraji, dokar kasuwanci da ɗa'ar aiki. Wanda ya karanta akanta a makarantar da ICAN ta tantance ana yafe masa wasu darussa. Wanda ya karanta wani fannin daban, ko da kimiyya ce, shi ma ƙofa a buɗe take, sai dai zai fara daga ƙasa. Idan ka gama aka rantsar da kai, sai ka ɗora ACA a bayan sunanka.

Ƙannenmu da suka gama sakandare, ku ma da taku hanyar. Akwai ATSWA, shirin horar da ƙananan akantoci na Afirka ta Yamma, mai kashi uku. Da sakamakon sakandare mai kyau ake shiga, kuma wanda ya kammala yana samun rangwamen darussa idan ya zo babbar jarabawar. Akwai masu haɗa shi da karatun jami'a, su fito da digiri alhali sun riga sun yi nisa.

Ta biyu ita ce ANAN, wadda aka kafa a 1979, doka ta amince da ita a 1993. Tsarinta daban ne. Sai kana da digiri ko HND, sannan ka je kwalejinta da ke Kwall kusa da Jos ka yi karatu da jarabawa, daga nan ka yi horon aiki a ƙarƙashin gogaggen akanta, kafin a ba ka CNA. Za ku tarar da mambobinta da yawa a ma'aikatun gwamnati.

Sai ACCA, ta Birtaniya, wadda ta samo asali tun 1904. A tsarin da aka daɗe ana kai jarabawa 13 ce, da darasin ɗa'a, da wata 36 na gogewar aiki. Amfaninta shi ne an san ta a ƙasashe da dama, don haka mai hangen aiki a kamfanonin ƙetare ko ƙasashen Larabawa na yankin Gulf yakan duba ta. Amma da fam ake biyan kuɗinta, kuma kun san yadda naira take. Ka yi lissafin kuɗin gaba ɗaya tun kafin ka fara, kada ka tsaya a tsakiyar kogi.

Waɗannan su ne ginshiƙi. A kansu ake ɗora satifiket na ƙwarewa a ɓangare guda, kuma kujerar da kake nema ita ke nuna maka wanda za ka ɗora. Idan aikinka haɗa rahoto ne, ACCA tana da difloma ta musamman kan IFRS mai suna DipIFR. Jarabawa ɗaya ce, ana yin ta a Yuni da Disamba, ana cin ta da maki 50 cikin 100, kuma an tsara ta ne don wanda ya riga ya zama akanta ko yake da gogewar aiki. Idan binciken cikin gida kake so, irin aikin Cynthia Cooper, akwai CIA mai kashi uku. Mai sha'awar bankaɗo zamba yana da CFE. Mai duba tsaron manhajojin da kamfani ke ajiye lissafi a cikinsu yana da CISA. Ɓangaren haraji kuma a Najeriya akwai CITN.

Akwai wani ɓangare da ya kamata matasan Arewa su sa wa ido. Tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus a 2021, bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna ta ƙaruwa, ga kamfanonin takaful, ga sukuk da gwamnati ke fitarwa. Rubuta murabaha ko ijara ko mudaraba a littafi yana da nasa ƙa'idoji, waɗanda hukumar AAOIFI da ke Bahrain take fitarwa, kuma tana da satifiket na akantoci mai suna CIPA. Wanda ya haɗa IFRS da wannan, ga kuma ɗan abin da ya sani na fiƙihun ciniki tun daga islamiyya, ya riƙe abin da ba kowa ke da shi ba.

'Yan'uwanmu na Nijar, Chadi da Kamaru, ku tsarinku daban ne. Ƙasashenku suna cikin ƙungiyar OHADA, kuma littafin kamfani ana rubuta shi ne bisa SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a Janairun 2018. Don haka kafin ka biya kuɗin kwas ɗin da aka tsara don Najeriya, ka tabbatar zai yi maka aiki a Yamai ko Maraɗi. Na Ghana kuma ƙungiyarku ita ce ICAG, kuma IFRS kuke bi tun 2007, kun riga Najeriya ma.

To ina matsayin kwas ɗin kwana uku da ake yi a otal ko ta Zoom? Ga ma'auni mai sauƙi, tambayoyi uku. Wace doka ko wace sananniyar ƙungiya ce ke bayan takardar? Akwai jarabawar da mutum zai iya faɗuwa, ko duk wanda ya biya ya zauna ana ba shi? Ta ukun ita ce babba: idan ka yi ha'inci, akwai wanda zai iya ƙwace ta? ICAN tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa a cikin dokarta, tana iya dakatar da mamba ko ta goge sunansa. Wannan barazanar ce take sa banki da mai zuba jari su yarda da sa hannunka, don sun san kana da abin da za ka rasa. Takardar halartar taro ba mai ƙwace ta, shi ya sa ba ta ɗaukar wannan nauyin.

Kada ku ji kamar na ce gajeren kwas banza ne. Yana da gurbinsa, kuma gurbin babba ne, domin ƙa'idojin ba sa zama wuri ɗaya. IFRS 9 kan basussuka da kadarorin kuɗi da IFRS 15 kan kuɗin shiga sun fara aiki a 2018. IFRS 16 kan haya a 2019. IFRS 17 kan inshora a 2023. IFRS 18, wadda za ta sauya fasalin shafin riba da asara, za ta fara a Janairun 2027. A Yunin 2023 kuma an fitar da IFRS S1 da S2 kan bayanan ɗorewa da sauyin yanayi. Wanda ya ci jarabawa a 2015 ya naɗe littafi, yau rabin abin da ke kansa ya tsufa. Shi ya sa ƙungiyoyin nan suke tilasta wa mambobinsu tara sa'o'in ƙarin horo a kai a kai. Gajeren kwas kari ne a kan ginshiƙi. Matsalar tana zuwa ne idan aka sayar maka da shi a matsayin ginshiƙin.

Wani fage da ke buɗewa yanzu shi ne matakan tsaron cikin gida. Daga rahoton shekarar 2023, kamfanonin da ke kasuwar hannun jari a Najeriya suna ba da rahoto na musamman kan ingancin waɗannan matakai, odita kuma ya faɗi ra'ayinsa a kai. Matakan ba wani abin tsoro ba ne. Wanda ya nemi a sayo kaya kada ya zama shi ne mai amincewa kuma shi ne mai biya. A riƙa daidaita littafin kamfani da takardar banki duk wata. A ƙirga kayan sito a gwada da abin da kwamfuta ta ce. A san wa ke da ikon canza alƙalami a manhaja bayan an rufe wata. Sai an rubuta kowane mataki, an gwada shi, an ajiye hujja. Aiki ne mai yawa, kuma matasa ne ke yin sa.

Bari mu kwatanta da abin da zai iya samun kowannenku. A ce kana aiki a wani kamfanin shinkafa. Ranar 28 ga Disamba, ciniki bai kai abin da aka yi wa banki alkawari ba. Oga ya ce a loda tirela goma a kai sitocin dillalai, da sharaɗin abin da ba su sayar ba su dawo da shi a Fabrairu, ba za su biya ba sai sun sayar, amma kai ka rubuta duka an yi ciniki. Wanda ya yi horo na gaske ya san IFRS 15 ta ce ana rubuta ciniki ne idan iko da kayan ya koma hannun mai saye, kuma a irin wannan yarjejeniya kayan har yanzu na kamfani ne, ajiya kawai aka kai. Ya kuma san matakin da zai ɗauka: ya rubuta matsayarsa da hujjar ƙa'ida, ya kai wa na gaba da shi, in abin ya ƙi ya kai ga kwamitin odit. Ɗa'ar aikin da ya yi rantsuwa a kanta tana neman gaskiya da rashin son kai daga gare shi, kuma ya san in asiri ya tonu ba lambar oga kaɗai za a nema ba. A irin wannan ranar ce ake gane bambancin wanda ya yi karatu da wanda ya tara takardu.

Saboda haka ga shawara a taƙaice. Ka fara da ginshiƙi ɗaya daidai da aljihunka da inda kake son yin aiki, ka gama shi kafin ka waiwayi wani. Ka nemi wurin gogewa tun kana karatu, ko da ƙaramin ofishin odita ne a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, albashin ko yaya yake, domin a can za ka ga yadda ake rufe littafi da gaske. Ka iya Excel sosai da aƙalla manhajar lissafi ɗaya. Kuɗin rajista da na jarabawa kuma ka duba su a shafin ƙungiyar kanta, ka biya ta hanyar da ta bayar, ban da hannun wani ejan da ya yi maka alkawarin sauƙi a WhatsApp. 'Yan'uwa mata, wannan fanni naku ne ku ma. ICAN ta sha samun shugabanni mata, kuma karatun ana iya yin mafi yawansa daga gida.

Aikin gida na wannan makon kyauta ne, data kawai zai ci. Ku sauko da rahoton shekara na kamfani ɗaya da kuka sani, Dangote Cement ko BUA Foods ko Jaiz, yana nan a shafinsu na intanet. Ku nemo shafin sa hannu ku ga lambobin FRC. Ku karanta rahoton odita, musamman wurin da ya lissafa batutuwan da suka fi ɗaukar hankalinsa a binciken. Sannan ku zaɓi alƙalami ɗaya, misali kuɗin shiga, ku bi shi har cikin bayanan ƙarin haske ku ga ƙa'idar da aka yi amfani da ita. Idan kun ji abin yana ba ku sha'awa, to kun samu amsar ko fannin ya dace da ku tun kafin ku kashe ko sisi.

Wanda yake cikin ICAN ko ANAN ko ACCA yanzu, ya faɗa mana matakin da yake da darasin da ya fi ba shi wuya, ƙannenmu su amfana. Ku tura wa wanda kuka san yana kan wannan shawara. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.